Ranar da Na Saki Gonakin Mutane

Filinge, farkon kaka.

Zuwa ga ɗiyata Zalika, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kin kuma huta gajiyar hanyar Yamai, hanyar da ko buhun hatsi ya bi ta sai ya kwana yana ciwon baya. Allah ya tsare ki a garin mutane, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ya raba ki da masu gaggawa. Innarki tana gaishe ki, ta ce in cika takarda da labarin gida. Akuya ta haihu. Sauran za ta faɗa miki a salula.

Uwata, mun rabu ba daɗi, kuma ni na jawo. Ni na roƙe ki ki nemo mini tsohon fim ɗin nan da na gani ina saurayi, na yaron da ya bi ta wayar tarho ya shiga injin sojojin ƙasarsu yana zaton wasa ne, har ya kusa tayar da yaƙin da ba a barin na ba da labari. Kika nemo, muka zauna a inuwar zaure bayan azahar, ordinatarki, kwamfutar nan taki, a kan turmi. Tun daga farko kike dariya. Kin ce injinan nasu sun kai girman rumbu amma salulata ta fi su hankali, kin ce gashin yaron kamar an kifa masa ƙwarya. Duk gaskiya ne. Da fim ya ƙare na tambaye ki aikin da aka ɗauke ki, kika yi mini bayani, na ce kada ki yi. Kika ce, "Baba, fim ne fa." Ni kuma na tashi na tafi masallaci tun ladan bai yi alwala ba. Mushe ne ni, malamin makaranta, na saba in yi magana yara su rubuta. Idan aka mayar mini da amsa sai in rasa inda na ajiye bakina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in maimaita abin da na fahimta, ki ga ko na ci jarrabawa. Ƙungiyar da ta ɗauke ki tana aika mesaj zuwa salular manoma da makiyaya: labarin ruwa, farashin hatsi, ranar allurar dabbobi, ranar sakin gonaki. A yanzu kowane mesaj sai ya tsaya a hannun wata mata a buro, wato ofishinku, ta buga waya ta tabbatar kafin ta sake shi, wani lokaci har ya kwana. Aikinki na farko shi ne ki ɗauke ta daga hanya, ta yadda da zarar ma'aikacin kwamin, wato ƙaramar hukuma, ya rubuta, injin zai watsa wa kowa nan take. Kin faɗi haka fuskarki na haske, kuma ban ga laifinki ba. Da a shekarunki nake, da na fi ki murna.

Ba ki san yadda na fara ganin fim ɗin ba. Ina kwalej a nan Filinge, akwai gidan bideyo kusa da tasha, zana ce aka kewaye, da benci, da gurup mai ba da wuta da ke tari kamar tsohon mai shan taba. Finafinan da Faransanci suke zuwa, masu kallo kuwa mahauta ne da 'yan dako da waɗanda suka ci kasuwa suna jiran mota. Sai mai gidan ya ce in riƙa tsayawa gefen tele ina fassara, in shiga kyauta. Faransancina a lokacin bai cika ludayi ba, amma muryata ta cika tulu.

A farkon fim ɗin akwai wurin da manya masu kwat da manyan soja suke zaune suna gardama, magana da sauri kamar ana suyar gyaɗa. Ko kalma ban kama ba. Wani mahauci da ake kira Dogo, wanda kullum yake bencin gaba da warin kitse, ya ɗaga murya.

"Kai ɗan lakwal mai boko, mi sunka ce?"

"Gaisawa suke yi."

Aka jima, gardama ba ta ƙare ba.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ashe Nasara ma sun iya gaisuwa. To wancan mai jan wuya, lahiyar wa yake tambaya da yake dukan tebur?"

Aka yi dariya, na tsallake. Da aka zo wurin da alluna suka cika da zanen makamai suna tahowa, Dogo ya sake tambaya da me ake yin wannan bam. Na taɓa karantawa cewa daga wani dutse ne da ake haƙa a arewacin ƙasarmu, na faɗa da alfahari, kamar gonar ubana ce. Ya ce, "To, in anka harba shi nan za shi komo. Ko jaki ya san hanyar gida." Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba.

Ana cikin tashin hankali, saura kaɗan a ga ƙarshe, sai hoto ya yi rawa, ga 'yan kokowa biyu sun riƙe juna. Wani ya ɗauki gasar kokowa a kan wutsiyar kaset ɗin. Mutane suka juyo kaina. Kalma uku ce za ta fisshe ni: ban sani ba. Sai na gyara tsayuwa na ce an harba, duniya ta ƙone, kowa ya mutu. Suka tashi jiki a sanyaye. An ce Dogo ya kwana biyu yana ba da tsire da gyara mai yawa.

Abin da na koya a wannan zanar, wanda ya kamata ya ba ni tsoro amma ya ba ni daɗi, shi ne duk wanda ya tsaya kusa da inji ana gaskata shi. Ba don saninsa ba, don inda ya tsaya. Ke yanzu a can za ki tsaya, kuma injinki ya fi tele murya. Ki koya wa bakinki cewa ban sani ba tun kina ƙarama a aiki, don in mutum ya girma ba ta fitowa.

Ranar da muka kalla tare, shi ne karon farko da na ji abin da masu kwat ɗin nan suke faɗa. Ashe gardamarsu a kan mutanen da aka ba mabuɗin makamai ce. An gwada su an ga wasu suna kasa murɗa mabuɗin idan lokaci ya yi, sai aka ce a cire mutum a sa inji, shi ba ya jinkiri. Wurin da na ce wa Dogo gaisuwa ce, nan ne dukan fim ɗin yake. Kina dariyar gashin yaro, ni kuwa na tuna wani maigari.

Kina goye a lokacin, muna ƙauyen da aka haife ki, bayan Tabla. Ni ne mushe, ni ne kuma mai salula ɗaya tilo a garin. Rezon salula ba ya samuwa sai a kan tudu, gindin wani gawo, don haka kullum da yamma sai in hau tudu in sauko da labarin duniya, mutane na jirana kamar na dawo daga Makka. Kin san al'adar sakin gonaki, amma mushe ba ya barin bayani. Idan damina ta ƙare, garkunan da suka yi arewa wajen Sanam sai su gangaro, su tsaya a bakin daji. Ba sa shiga karkara sai manoma sun kwashe dammunansu da wakensu, hukuma da masu gari da shugabannin makiyaya sun zauna sun sa rana. Ranar kuma ba ɗaya ba ce ko'ina, kowace ƙasa da lokacin da hatsinta ya nuna. A shekarar ruwanmu ya makara. Dammuna na jibge a gonaki, wake ko tsinka ba a gama ba.

Wata yamma na hau tudu, mesaj ya shigo daga wani abokina mushe da ke aiki wajen Imanan. Ya ce an saki gonaki. Nasu yake nufi, su da suka riga mu girbi. Bai faɗi na ina ba, ni kuma ban tambaya ba. A hanyar saukowa na gamu da Bello.

Bello Bafillace ne, amininmu. Kowace shekara a gonata yake sauka da shanunsa su zuba taki, innarki ta ba matarsa hatsi ta karɓi nono. Shi ya ba da ragon sunanki. Ya gaji da zaman bakin daji, ciyawa ta ƙare, shanu na kuka. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, mi injin ya kawo yau?"

Na ce, "Albishirinka. An saki gonaki."

Ya dube ni, ya dubi gonakin da ke ƙasa da dammunansu. "Maigari ya sani?"

"Bello, daga salula fa ya hito. Kafin maigari ya ji, ai sai shanunka sun rame."

"To," in ji shi. "Tunda injin ya hwaɗi."

Na koma gida ina jin na yi wa aboki alheri.

Da hantsi ina cikin aji na ji ihu. Shanu sun gangaro, ba na Bello kaɗai ba, don ya faɗa wa 'yan uwansa. Kafin in isa, samarin gari sun fito da sanduna da gatura, wasu da baka. An riga an yi karo na farko, an karya wa babban ɗan Bello hannu. Makiyaya suka ja da baya zuwa ƙetaren busasshen kwarin da ya raba gonaki da daji, suka tsaya da sandunansu da takubbansu. Manoma suka jeru a wannan gefen. Kowane ɓangare ya aika a kira masa dangi. Yashi ne kawai a tsakani, kuma kowa hannun na gabansa yake kallo. Waɗannan mutane sun san sunayen juna, uwata. Babu wanda yake son ya fara, kowa tsoro yake kada a riga shi. Ni kuwa ina tsaye a baya da alli a yatsu, salula a aljihu ta yi mini nauyin dutsen niƙa.

Maigari Arzika tsoho ne da mu 'yan boko muke kira Sai Gobe, don ko takardar haihuwa ka kai masa sai ya ce a bari a gani. Ya taho da ƙafa, a hankali, ya ratsa samari, ya sauka cikin kwarin, ya ce a kawo masa tabarma. Aka kawo. Ya zauna a tsakiyar yashi, ya kira Bello. Bello ya sauko ya tsuguna, idonsa jawur.

"Bello, ina kwana?"

"Lahiya lau, ranka ya daɗe."

"Ina gajiyar hanya?"

"Babu gajiya."

"Ina gida? Ina yara? Yaya kunka baro arewa?"

Wani saurayi ya yi tsawa daga sama: "Maigari, shanu na cin wake!"

"Na gani, ba makaho ni ke ba. Bello, ina tsohuwa? Ƙahwar tata ta saki?"

Haka ya bi dangin Bello ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu, ya yi musu addu'a, dole kowa ya shafa. Mai shafa fatiha kuwa sai ya jingine sanda. Bello ya gane, shi ma ya shiga tambayar iyalan maigari, yana yi yana ɗaga wa yaransa hannu a fakaice, suka zagaya suka fitar da shanun da suka rage a gonaki. Rana ta yi zafi. Hannun da ya ɗaga gatari yana gajiya. Sai da maigari ya ga wasu sun fara neman inuwa, sannan ya ce, "To, wa ya ce an saki?"

Bello bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Mun dai ji."

Ya rufa mini asiri, ɗansa na kwance da karyayyen hannu. Wannan ya fi mari ciwo. Na fito na faɗa, da wata 'yar murya da yaran ajina ba su taɓa ji ba. Maigari ya dube ni ya ce, "Mushe, injin naka ya hwaɗa maka gonar wa?"

Ba a zubar da jini ba bayan wannan. An bi gonaki an ga ɓarna, Bello ya ba da karsana. Na kai masa abin da zan iya, ya ce Allah ya sa albarka, ya mayar mini. Shekarar da ta biyo ya sauka a gonar wani. Har yau in mun haɗu ran kasuwa yana gaishe ni da mutunci, yana tambayarki da suna, bai taɓa tayar da maganar ba. Hannun ɗansa bai ƙara miƙewa daidai ba.

Ki lura, uwata, mesaj ɗin ba ƙarya ba ne. Abokina gaskiya ya rubuta, salula gaskiya ta kawo. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗaya da zai tsaya ya ce na ina. Bello ya yi tasa tambayar, na rufe masa baki da sunan inji. Wanda ya ceci garin kuwa shi ne mutumin da muke wa dariya saboda nawa. Matar da ke buronku ban san ta ba. Wataƙila tana da wuyar sha'ani, wataƙila tana tafiya cin abinci ta bar aiki. Amma a kan tabarmar nan take zaune.

Na san amsarki, don kin faɗa mini kafin in tsere masallaci. Kin ce jinkiri ma yana kisa. Gaskiyarki, kuma ni shaida ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bayan abin nan na zama mai riƙe labari. An aiko mini cewa masu allurar dabbobi za su zo Tabla yini ɗaya, na ce sai na tabbatar, na tabbatar, na sake tabbatarwa, ranar da na sanar sun riga sun koma. Da rani ciwo ya shiga tumaki, mata da yawa suka yi asara, har da innarki, wadda ba ta da fulakon Bello, ta tuna mini har shekaru. Don haka ba cewa nake a ɗaure kowane mesaj ba. Labarin da in ya zama kuskure iyakarsa mutum ya yi tafiyar banza ya dawo yana zagi, ki bar injin ya watsa shi da gudu. Amma akwai labarin da ke tayar da garke, yana tayar da maza su nufi juna. Shi wannan in ya fita ba a kiransa ya dawo.

Akwai kuma abin da na tambaye ki kika wuce shi da sauri. Na ce idan wani ya saci lambar sirrin ma'aikacin kwamin fa? Kika ce da wuya. Ke da kika buɗe salular kawunki da ya manta lambarsa, kafin shayi ya tafasa, ke ce kike ce mini da wuya. Yaron fim ɗin wasa yake nema, shi ya sa ake tausaya masa. Kin san halin da yankinmu yake ciki yanzu, kin san akwai waɗanda ba abin da suke so kamar manomi da makiyayi su kama wuyan juna. Ni da kyakkyawar niyya na kusa ƙone gari. Mai mugun nufi ba ya bukatar bindiga, kalmomin da na faɗa wa Bello sun ishe shi, kuma shi ba mutum ɗaya zai faɗa wa ba.

Game da fim ɗin, ki yi masa sassauci. Ya tsufa, yaron ya cika sa'a, kuma duniya ba ta ƙone ba kamar yadda na shaida wa Dogo, don dole a bar masu kallo su koma gida su yi barci. Amma waɗanda suka yi shi tsoro na gaske suke ji, kuma sun ji shi a wurin da ya dace. Su makamai suke tsoro, mu sanda da gatari, amma gawa ba ta tambayar da me aka kashe ta.

Ga roƙona. Ki je wurin shugabanki kafin ki taɓa komai. Kada ki ambaci fim, za su yi miki dariyar da kika yi mini. Kada ki ce babanki ya ce, nan ma dariya ce. Ki ce musu maganar sakin gonaki, da duk abin da ya shafi shanu da gona, a bar ta a hannun mutum, ya kira maigari ya kira shugaban makiyaya, ya ji daga bakinsu biyu kafin ta fita, kuma mesaj ya faɗi sunan kwamin da garuruwan da ake nufi. Ke sabuwa ce, mace ce, daga ƙauye kike, za a iya cewa kin cika tsoro ko ba ki iya aikin ba. Zai yi miki zafi, na sani. Ki daure. In sun ƙi, kin dai faɗa, kuma ki faɗa a rubuce. Shawara ce, ba umarni ba, kin fi ni sanin aikinki. Ni gonakin kawai na fi ki sani.

Wani abu kuma da ban faɗa miki ba. Watan jiya mutanen ƙungiyarku sun zo kasuwa suna ɗaukar lambobin masu son mesaj. Na ba da tawa, don ina da 'yar gona. 'Ya'yan Bello ma sun ba da tasu, na gan su a layi. Bana ma ruwanmu ya makara, kuma garkuna sun fara isowa bakin daji. Duk abin da injinki zai faɗa, aljihuna zai shiga, ya shiga nasu a lokaci guda, Maigari Arzika kuwa ya daɗe a kabari.

Allah ya ba ki sa'a a aikinki, ya tsare hannunki daga abin da za ki yi nadama, ya tsare ki a hanya da masauki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira innarki.

Wassalam.

Babanki,
Mushe Isufu